Darasi: Kafin Ki Sayi Gida, Ki Fara Tambayar Makaranta

 Darasinmu na wannan fitowa ya haɗa abu biyu da kowace uwa take kwana da su a rai: gidan da za ta zauna, da makarantar da 'ya'yanta za su yi karatu. Sau da yawa mukan raba su. Maigida ya tafi neman fili da dillali, ke kuma ki zauna jiran ranar tarewa, sai an gama gini an kwashe kaya sannan a fara tambayar ina yara za su. A lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Abin da muke so ki fita da shi daga wannan darasi shi ne ki san tambayoyin da ya kamata a yi tun kuɗi suna hannu, ko da kuwa ba ke za ki biya ba.

Za mu ɗauki Gwadangaji a matsayin misali, domin abin da ya faru da ita yana faruwa da garuruwa da dama da birni ya cim musu, daga gefen Argungu har gefen Sakkwato da Kano.

Yadda iyaka take tafiya

Kafin 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi hedikwatar masarautar Gwandu ce kuma ƙaramar hukuma a cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Ma'aikatar ilimi tana Sakkwato, can ake tsara makarantun sakandare, can ake neman tallafin karatu. A ranar nan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta zama babban birni. Ba wanda ya ɗaga gidansa daga inda yake, amma an wayi gari hukumar da ke kula da karatun yaransa ta sauya. Ma'aikata suka taso daga Sakkwato da iyalansu, buƙatar gidaje ta ƙaru, unguwanni irin su Gesse da Bayan Kara da Badariya suka bunƙasa. Gwadangaji, wadda gari ne mai zaman kansa da gonakinsa, ta samu sakatariyar jiha da gidajen ma'aikata, har ta kai yau baƙo ba zai iya nuna miki inda Birnin Kebbi ta ƙare Gwadangaji ta fara ba. A 1996 kuma aka sake yanka Zamfara daga Sakkwato, mutanen Gusau su ma suka ga irin wannan sauyi.

Darasin farko ke nan, 'yar uwa: gida yana zaune wuri ɗaya, amma iyakar hukuma tana tafiya. Gonar gero ta zama fuloti, fuloti ya zama unguwa, unguwa ta cika da yara. Makaranta kuwa ba ta tsirowa da saurin da gidaje suke tsirowa, saboda mutum ɗaya ne yake yanke shawarar gina gidansa, makarantar gwamnati kuma sai an sa ta a kasafin kuɗi, an samu fili, an ba da kwangila, an turo malamai.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Yana da kyau ki san yadda ake yi a waje, musamman da yake wasu cikinmu suna da 'ya'ya ko ƙanne a can. A Amurka, yawancin makarantun gwamnati suna da yankinsu da aka shata a taswira. Adireshin gidanki shi yake nuna makarantar da ɗanki zai shiga. Kuma wani babban kaso na kuɗin tafiyar da makarantu daga harajin gidajen yankin yake fitowa, don haka unguwar masu hali takan samu makaranta mai kayan aiki. Wannan ya sa gidan da ke cikin yankin makaranta mai suna yakan fi tsada a kan irinsa da ke tsallaken titi. Idan yara suka yi yawa a wata makaranta, ko aka gina sabuwa, hukumar ilimin yankin takan sake shata iyaka. Sai ki ga iyali sun ci bashin shekara da shekaru don wata makaranta, an wayi gari layinsu ya koma wata. A 2011 har an ɗaure wata uwa na 'yan kwanaki a jihar Ohio saboda ta yi amfani da adireshin mahaifinta don sa 'ya'yanta a makarantar wani yanki.

A Ingila, idan masu nema suka fi guraben da ke akwai, nisan gida da makaranta yana cikin abin da aka fi dubawa, kuma tazarar da ake ɗauka takan ragu ko ta ƙaru daga shekara zuwa shekara. Faransa ma tana da irin wannan taswira ta makarantu tun 1963.

A nan gida ba haka tsarin yake ba. Ba a saba tambayar takardar gida kafin a ɗauki yaro a firamaren gwamnati ba. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, ya ce karatun shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. To amma kada wannan ya sa ki ce mu ba mu da iyaka. Muna da ita har kashi uku, sai dai ba a zana ta a taswira ba.

Iyaka ta farko: inda ƙafar yaro take iya kaiwa

Wannan ita ce iyakar gaskiya a wurinmu. Doka ba ta hana ɗanki shiga kowace firamare a garin nan ba, amma rana da nisa da titi za su hana shi. Kin san zafin Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni yake wuce 40. Yaro ɗan shekara 6 da zai taso da tsakar rana ya yi tafiyar minti 40 a wannan zafi, ba zai daɗe ba zai fara ciwon kai da safe, daga nan sai fashi, daga fashi sai a ce ba ya son boko. Haka kuma duk makarantar da sai an tsallaka babban titi kafin a kai gare ta, ko da kina hango rufinta daga ƙofar gida, ba ta kusa da ke.

Ga 'ya mace abin ya fi nauyi. Firamare takan samu a kusa, amma sakandare ta 'yan mata ba kowace unguwa take da ita ba. Da yawa daga cikin 'yan matan da karatunsu ya tsaya bayan aji 6, ba ƙin karatu iyayensu suke yi ba. Uba ne yake duba hanyar, ya ga nisa, ya ga lungu, ya ga majalisar samari, ya ce a haƙura. Da can mafita ita ce makarantar kwana. Amma bayan sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni 2021, da na makarantar 'yan mata ta Maga a watan Nuwamba 2025, iyaye da yawa zuciyarsu ta fi kwanciya da jeka-ka-dawo, su ga ɗiyarsu da idonsu kowace yamma. Wannan ya ƙara wa gidan da ke kusa da sakandaren jeka-ka-dawo daraja, ko dillali bai faɗa miki ba.

Iyaka ta biyu: hukumar da ke riƙe da makarantar

Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, kowace da ofishin sakataren iliminta, duka a ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Firamaren da ke unguwarki ofishin ilimi na ƙaramar hukumar da take ciki ne yake lura da ita, shi yake kai kukanta sama. Birni kuwa ba ya tsayawa a kan iyakar ƙaramar hukuma. Wanda ya sayi fili ta hanyar Kalgo yana iya cewa a Birnin Kebbi yake zaune, alhali ƙasar da ya gina a kanta tana iya kasancewa ta ƙaramar hukumar Kalgo. Ba laifi ba ne, amma ki sani tun farko, domin ranar da za a nemi ƙarin aji ko malami, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Sannan makaranta ita kanta takan sauya. Bayan zuwan UBE an raba ƙaramar sakandare da babba a makarantu da dama, kowace da shugabanta. Makarantar kwana takan koma jeka-ka-dawo, ta maza da mata takan koma ta jinsi ɗaya, wani lokaci a rufe wata na ɗan lokaci saboda tsaro a rarraba ɗalibanta. Shugaban makarantar da kowa yake yabo ana iya yi masa canjin wurin aiki a zangon gaba. Saboda haka kada ki sayi gida don makaranta ɗaya tak. Wurin da yake da makaranta biyu ko uku da yaro zai iya kaiwa ya fi wurin da yake jikin katangar makaranta ɗaya mai suna.

Iyaka ta uku: asali

Nan ne mutane da dama suke rikicewa. Sayen gida a wani gari ba ya sauya takardar asalin ƙaramar hukuma. A makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya, irin kwalejin 'yan mata ta Gwandu, bayan jarrabawar shiga da hukumar NECO take shiryawa, ana la'akari da jihar da yaro ya fito a asali wajen rabon wani kaso na guraben. A jami'o'in tarayya kuma tsarin da aka daɗe ana bi shi ne kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Kebbi tana cikinsu. Duk wannan da jihar asali ake lissafawa, ba da adireshin gida ba. Ɗan Kebbi da aka haifa a Legas ɗan Kebbi ne a wannan lissafi, ɗan wata jiha da iyayensa suka gina a Gwadangaji kuma yana nan a lissafin jiharsa.

Don haka idan wani ya ce miki sayen gida a wuri kaza zai buɗe wa yaranki ƙofar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kada ki ɗauka. Kuma kada son 'ya'ya ya kai ki ga neman takardar asali ta ƙarya. Ƙarya ce, cin haƙƙin wani yaro ne, kuma ranar da asiri ya tonu ɗanki ne zai rasa gurbinsa bayan ya yi nisa.

Mu yi lissafi tare

Mata mun iya lissafin cefane, to mu kawo wannan basira nan. A ce an nuna muku fili biyu. Ɗaya yana cikin gari kusa da makaranta, ɗayan yana can bayan gari kuma ya fi araha da naira dubu 800. Kowa zai ce a ɗauki mai araha. To amma a ce kuna da yara uku, kuma kowane zai ci naira 400 a rana zuwa da dawowa a Keke Napep ko kabu-kabu. Naira 1,200 ke nan kullum. Mu ɗauka kwanakin makaranta 180 ne a shekara, ya zama naira 216,000. A shekara 6 na firamare ya kama naira 1,296,000. Kin ga arahar nan ta dubu 800 ta narke tun kafin babban ya gama aji 4. Waɗannan lambobi misali ne kawai, ki sa naki na gaskiya ki buga. Ki tuna kuma kuɗin abin hawa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kowa ya ga yadda ya tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023.

Ba a nan lissafin ya tsaya ba. Akwai Islamiyya da yamma, wadda ita ma tafiya ce ta biyu. Akwai ranar da maigida ya yi tafiya ko babur ya lalace. Akwai ranar da babu kuɗin a gida, kuma mun san wanda ake fara cewa ya zauna a irin wannan rana: 'ya mace ce. Idan kuma aka gaji aka mayar da yaran makarantar kuɗi ta kusa, to kuɗin zango uku na yara uku ya shiga farashin filin nan.

Ba muna cewa kada a sayi fili a bayan gari ba. Wanda yaransa suka girma, ko yake sayen ajiya, lissafinsa daban. Abin da muke cewa shi ne a yi lissafin da idanu buɗe.

Yadda za ki binciki makaranta

Dillali aikinsa ya sayar. Zai ce miki, "Hajiya, wanga wuri gwamnati za ta gina makaranta nan kusa, ga filin can." Ki gode masa, amma ki ɗauka babu makaranta sai wadda kika ga yara a ciki. Filin da aka ware wa makaranta yakan yi shekaru babu ko bulo ɗaya. Ga abin da za ki yi da kanki, ko ki tura wadda kika amince da ita:

1. Ki taka da ƙafa daga filin zuwa makarantar, tare da ƙaramin yaro, a lokacin da ake tashi. Ki duba agogo. Ki lura da titi, da kwalbati, da karnuka, da wuraren da ba kowa.

2. Ki je ranar karatu, ba ranar biki ba. Ki gaida shugaban makaranta ki nemi izinin leƙa aji 1 da aji 4. Ki ƙirga yara, ki ga ko akwai malami a ciki. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Da wannan za ki auna abin da kika gani.

3. Ki duba ruwa da ban-ɗaki, ki ga ko na mata daban yake kuma yana da ƙofa. Yarinyar da ta fara girma ba ta zama wuni a inda babu wurin kama ruwa.

4. Ki duba katanga da ƙofar shiga. Makarantar da ta zama hanyar babura da dabbobi, hankalin yara ba ya zama a cikinta.

5. Ki tambaya ina yaran da suka gama aji 6 bara suka tafi, musamman 'yan mata. Wannan amsa ita za ta nuna miki ƙaramar sakandaren da ɗiyarki za ta fi yiwuwar shiga, sai ki je ita ma ki gan ta.

6. Ki zauna da matan unguwar. Mai sayar da ƙosai a bakin makaranta ta san malamin da yake zuwa da wanda ba ya zuwa fiye da kowa.

7. Ki koma wurin a watan Agusta. Ƙasarmu ƙasar fadama ce, gulbin Rima yana ba mu shinkafa da kifi, yana kuma yin ambaliya, kamar yadda aka gani a 2010 da 2020. Filin da yake tsaf da rani yana iya zama tafki da damina, hanyar makaranta ta yanke mako da makonni. Ki duba jikin katangun maƙwabta, ruwa yakan bar shaidarsa.

Yadda za a binciki filin

Makaranta ta yi, saura ƙasar. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Shi yake ayyana inda ya zama birni, kuma shi yake ba da izinin mallaka a cikinsa. Ƙasar karkara kuwa ƙaramar hukuma tana iya ba da izinin mallaka na gargajiya. Wannan yana da muhimmanci a wuri irin Gwadangaji, inda gonar gado take komawa fuloti. Takardar mai unguwa ko hakimi shaida ce mai amfani a kan wanda ya sayar da wanda ya saya, amma ba ita ce takardar shaidar mallaka ta gwamnati da ake kira C of O ba. Idan filin yana da wannan takarda, dokar ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da shi sunan wani, kuma ta ma'aikatar filaye ake bi.

Saboda haka kafin a biya ko sisi, a kai lambar fulotin ma'aikatar filaye a tabbatar da sunan da ke kansa. A je hukumar raya birane ta jiha, KUDA, a tambaya ko wurin yana cikin tsarin da aka amince da shi, sannan a nemi izinin gini kafin a haƙa tushe. Ki sa ido musamman a kan wannan: wani lokaci filin da ake sayarwa da araha a cikin sabuwar unguwa shi ne ainihin wanda aka ware wa makaranta, ko asibiti, ko hanya. Wanda ya saya ya jefa kuɗinsa cikin haɗari, domin gwamnati tana da ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a, kuma ginin da ba shi da izini rusau yake jira. Bayan haka ya cinye wa yaran unguwar gaba ɗaya, har da nasa, wurin karatunsu.

Idan gidan gado ne, a tabbatar an raba, kuma duk magada, mata da maza, sun yarda. A mazhabar Malikiyya wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin da aka saya ya karɓi rabon da ɗan uwansa ya sayar wa bare. Idan kuma akwai marayu a ciki, a bi ta kotu. Gidan da aka shiga da rikici ba a zama lafiya a cikinsa, yaran da ake kwasa daga wannan unguwa zuwa waccan kuma karatunsu ne yake biya.

Kuɗinki da sunanki

Wannan magana taki ce ke kaɗai, 'yar uwa. Mata da yawa suna sa kuɗinsu a ginin gida: na adashi, na gado, na sayar da sarƙa ko tumaki, na albashi. Shari'a ta ba mace 'yancin mallakar dukiyarta, aure ba ya mayar da ita ta miji. Idan kyauta kika ba shi, Allah ya ba ki lada, amma ki faɗa a fili. Idan rance ne, a rubuta. Idan tarayya ce, a rubuta rabon kowa, sunanki ya fito a takardar ciniki, shaidu su sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take magana. Don haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne, kuma ba rashin kunya ba ne. Rai ba a bakin komai yake ba; ranar rabon gado takarda da shaidu ake tambaya, ba a tambayar wadda ta sayar da ɗan kunnenta aka sayi siminti.

Wajen kawo wa maigida maganar makaranta kuma, ki zaɓi lokaci. Kada ki bari sai ya biya kafin alƙalami sannan ki ce wurin bai yi ba. Tun yana cewa "ina neman fili" ki ce, "Malam, don Allah idan an samu a bar ni in je in ga hanyar makarantar yara." Ki kawo masa lissafin a rubuce. Namiji yakan ji lamba fiye da ƙorafi.

Idan an riga an saya fa?

Wataƙila kina karanta wannan a cikin gidan da kuka riga kuka gina, makaranta kuma tana nesa. Kada ki karaya. Ku haɗa kai da maƙwabta ku ɗauki Keke Napep ɗaya da direban da kuka sani, a biya shi a wata. Ya fi sauƙi kuma ya fi aminci. Yara su riƙa tafiya a ƙungiya, manya suna riƙe da ƙanana. Ki shiga ƙungiyar iyaye da malamai, ki kuma tambayi kwamitin al'umma na kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, domin tsarinsa ya tanadi kujerun mata. Idan unguwarku sabuwa ce, ku ƙirga yaran da suka isa shiga makaranta gida-gida, ku rubuta sunaye da shekaru, ku kai wa mai unguwa da hakimi da kansila da sakataren ilimi. Takarda mai ɗauke da sunayen yara 200 ta fi "muna roƙon gwamnati" nauyi. Idan akwai filin da aka ware wa makaranta a unguwar, ku san iyakarsa, ku sa masa ido kafin a wayi gari an yanka shi. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 7 na farko da suka shiga shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata a sakandare, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Ku tambaya a ma'aikatar ilimi abin da ya shafi yankinku.

Mu a wannan ƙasa ta Gwandu da Kabi ba baƙin wannan aiki ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta ga matan ƙauye ba za su iya zuwa inda ilimi yake ba, sai ta tsara jajis suna kai musu shi har garuruwansu. Matsalar nisa ce ta gani, ta kuma nemo mata hanya da abin da yake hannunta.

Tambayoyi don tattaunawa a zamanku na wannan wata

1. Minti nawa yaro ɗan shekara 6 yake yi daga gidanki zuwa firamare mafi kusa? Ki auna kafin zama na gaba.

2. Wace sakandare 'yan matan unguwarku suke zuwa, kuma nawa ake kashewa a abin hawa a wata?

3. A cikin 'yan matan da kika sani suka gama aji 6 bara, nawa ne suka ci gaba? Waɗanda suka tsaya, me ya tsayar da su?

4. Akwai filin da aka ware wa makaranta a unguwarku? Wa yake riƙe da takardarsa?

5. Idan kin sa kuɗi a gida ko fili, an rubuta? Su wa suka shaida?

Kowace ta zo da amsarta a rubuce, shugabar zama ta tattara, a ga abin da za a iya kai wa hukuma a tare. Allah ya ba mu gidaje masu albarka da maƙwabta nagari, ya raya mana zuriya a kan ilimi mai amfani.